Me Ke Sa Tsohuwa Kuka In Ta Ji Ishiriniya?

Akwai wata baƙar magana da ake yawan jefa wa masu son waƙoƙin Larabci a ƙasar nan, wai su aku ne, suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram a watan Rabi'ul Awwal ya san inda maganar ta dosa. Da an idar da sallar lisha sai ka ji muryoyi sun tashi daga wani zaure ko ƙofar masallaci, ana jan baitocin Ishiriniya, wani ya ja saura su amsa, har dare ya tsala. A cikin masu amsawar nan akwai malamin da ya ƙoshi da nahawu da lugga, akwai kuma tela da mahauci da ɗan koli, waɗanda in ka tsare su ka ce su fassara maka ɗango ɗaya sai dai su yi murmushi su sosa ƙeya. Can cikin gida kuwa, bayan katanga, ga tsohuwa zaune kan tabarma da carbinta, tana sauraro tana share hawaye da gefen zane, alhali Larabcinta bai wuce na salla da sallama ba. To jama'a, me ke sa ta kuka? Hawayen banza ne, ko kuwa akwai abin da ya isa gare ta da gaske?

Wannan tambaya ba a raba ta da gardamar bakin titi. In muna son amsa sai mun koma baya mun bi sawun waƙar kanta, mu ga inda ta fito, da yadda ta shigo mana, da irin riƙon da magabata suka yi mata. Domin kuwa shekaru ɗaruruwa ke nan mutanen ƙasar nan suna jin daɗin waƙa da harshen da ba shi suka sha a nono ba, har ma suna tsara ta da shi.

Mai Ishiriniya sunansa Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi. A birnin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wato Sifen ta yanzu, ya tsara ta a shekara ta 604 bayan hijira, wajen 1208 ke nan, kuma ya rasu a ƙasar Maroko a 1230. Magatakarda ne a fadar sarakunan Muwahhiduna, mutumin da alƙalami ne sana'arsa. Yadda ya yi kuwa shi ne, ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti ashirin masu ƙarewa da shi, duk na yabon Annabi (SAW). Daga ashirin ɗin nan sunan ya fito. Haruffa 29 in an haɗa da lam'alif, ka ga baiti 580 ke nan. Daga baya wani malami da ake kira Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya mai da shi ƙwar biyar, kuma wannan tahamisin shi ne abin da ake rerawa a zaurukanmu. Sai ka dubi ikon Allah. Shekara shida bayan rasuwar Alfazazi, a 1236, Ƙurɗuba ta faɗa hannun Kiristoci, babban masallacinta yau coci ne, kuma da wuya ka sami wanda ya san sunan mutumin nan a titunanta. Amma a Kano, wadda shi bai taɓa gani ba, yaro ɗan shekara goma yana jan baitocinsa da ka.

Kada kuma mai karatu ya zaci mu dai masu karɓa ne kurum. A zamanin Alfazazi ɗin nan, akwai wani baƙin mutum daga Bilma, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, ana ce masa Ibrahim Alkanemi. Ya ratsa Sahara ya je Marakish, ya tsaya gaban Sarki Yaƙubu Almansur ya rera masa baitocinsa na Larabci, ya zauna yana koyar da adabi, kuma a Andalus ya rasu wajen 1212. Malaman tarihi na Larabawa sun ajiye sunansa da kaɗan daga waƙoƙinsa, cikinsu har da inda yake magana kan baƙar fatarsa ba tare da jin kunya ba. Wato tun kafin Ishiriniya ta gangaro kudu, namu ya riga ya hau arewa da tasa.

Ita dai waƙar ta biyo ayarin fatake da malamai da mahajjata, a cikin gafaka, tare da Risala da Ashafa da sauran littattafan da aka san malami da su. A ƙarni na 17 ta riga ta zauna daram a Katsina. Shaida kuwa ita ce, Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya zauna ya rubuta mata sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya, domin warware kalmominta. Ni wannan sharhin ya fi komai ba ni haske. Ai ba a ɓata tawada da takarda, a zamanin da takarda ke tsada kamar zinariya, wajen yi wa waƙar da ba kowa ke so ba sharhi. Mutane sun riga sun kamu da sonta, suna rerawa, sannan suka zo wa malam da tambaya, shi kuma ya ga ya kamata a buɗe musu abin da ke ciki. So ya riga zuwa, bayani ya biyo baya.

Akwai kuma abin da masu cewa aku ba su cika lura da shi ba. Ishiriniya ba ƙaramar waƙa ce mai wuya ba. Mutumin da ya ɗaura wa kansa cewa sai ya kawo baiti ashirin masu ƙarewa da zadi, da wasu ashirin masu ƙarewa da gaini, dole ya tono kalmomin da suka daɗe a kwance cikin ƙamus ba mai taɓa su. Shi kansa Balaraben Alƙahira ko na Jidda, in ka miƙa masa ita, zai yi ta tuntuɓe, sai ya nemi sharhi kamar yadda Bakatsine ya nema. Larabcin waƙa ba shi ne Larabcin da uwa ke yi wa ɗanta a gida ba, kowa koyonsa yake yi. Bambancinmu da su shi ne su sun fi mu kusa da bakin rijiyar, amma kowa sai ya zura guga.

To me ya sa kunnen Bahaushe ya karɓi waƙar Larabci haka da sauƙi? Nan akwai wani sirri na harshe. Larabawa suna auna waƙa ne da nauyin gaɓa. Akwai gaɓa sassauƙa, akwai mai nauyi, kuma jera su bisa wani tsari shi ne karin waƙa. Malam Halilu ɗan Ahmadu na birnin Basra, a ƙarni na 8, shi ya zauna ya tantance karuruwan nan ya raɗa musu suna, ya fitar da 15, wani malami bayansa ya ƙara ɗaya suka zama 16. Shi ne ilimin da ake kira aruli. Hausa kuwa, ikon Allah, ita ma haka gaɓoɓinta suke. Dubi gari da ake zama cikinsa da gari na tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa. A rubuce ɗaya suke, a baki kuwa ja da rashin ja ne ya raba su. Tun yana goye Bahaushe yake rarrabe doguwar gaɓa da gajera, ba tare da wani ya koya masa ba. Saboda haka in aka ja masa Alburda ta Imamu Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, wadda ke kan karin Basiɗ, ko Hamziyyarsa da ke kan karin Hafif, kunnensa yana ƙirgawa ko da kansa bai san yana ƙirgawa ba. In mai ja ya karya kari za ka ga tela ya ɗago kai, ya ji an yi tuntuɓe, ko da bai san kalmar da aka ɓata ba. Waƙar Turanci kuwa da ƙarfin bugun gaɓa ake auna ta, shi ya sa a ganina 'yan boko da yawa suka haddace ta don jarrabawa amma ba ta taɓa kaɗa su ba. Wannan dacewa ta Hausa da Larabci ita ce Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi rubutu a kanta a 1975, ya kamanta ta da aure. Kuma auren ya yi albarka, domin rubutacciyar waƙar Hausa a kan karuruwan nan ta tashi, su Kamil da Wafir da Ramal da Mutaƙarab.

Mu shiga zaure yanzu. Ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, ya bi Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, sannan a fannin lugga a ɗora masa Ishiriniya da Witiriya da Alburda, in ya yi nisa a kai shi Muƙama ta Hariri da Shu'ara. Yadda ake karatun kowa ya sani, ɗalibi ya karanta kalma biyu ko uku, malam ya fassara, ɗalibi ya ce na'am, a ci gaba. Amma ka lura, wannan ɗalibi ba baƙon waƙar ba ne. Tun yana yaro yake jin ta, ya san muryarta, ya san inda ake ja da inda ake sauka. Ranar da malam ya fassara masa baitin da ya shekara goma yana rerawa, sai ka ga ya yi shiru, kamar wanda aka gaya wa suna da asalin mutumin da suka daɗe suna gaisawa a hanya.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, na Gwandu, ya bar mana labarin karatunsa a wani ɗan littafi da ya lissafa malamansa. Ya ce yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi hannun wansa Shehu Usmanu, kuma cikin abubuwan da ya fara karantawa a wurinsa akwai Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙa shida. Su wane ne shidan nan? Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara, mawaƙan jahiliyya, waɗanda wani malamin Andalus ya tara waƙoƙinsu wuri ɗaya a ƙarni na 11. Mutane ne da ba su riski Musulunci a matsayin mabiyansa ba, waƙoƙinsu cike da yaƙi da alfahari da mata, wani wurin har da giya. Ga kuma malamai masu tsantseni irin su Shehu suna karantar da su ga yara. Hujjar da ake bayarwa ita ce, da harshen mutanen nan aka saukar da Alƙur'ani, wanda bai san luggarsu ba tafsiri zai yi masa wuya. Wannan gaskiya ne. Sai dai ba lugga kaɗai ke maƙalewa a zuciyar mai karatu ba.

Yawancin dogayen waƙoƙin jahiliyya da abu ɗaya suke buɗewa. Mawaƙi yana tafe a kan raƙuminsa sai ya iso wurin da masoyiyarsa da danginta suka taɓa sauka, ya tarar sun tashi, ba abin da ya rage sai duwatsun murhu da toka da kashin dabbobi, iska ta share sauran. Sai ya tsaya ya yi kuka, ya ambaci sunayen wurare da tuddai da kwaruruka. Sunayen nan ba wanda ya san su a Degel ko Katsina, har malamin da ke fassarawa iyakarsa ya ce "sunan wuri ne" ya wuce. Amma wane Bafillace ne bai san mashekarin da aka tashi aka bari ba? Wane Bahaushe ne bai taɓa ratsa kufai ya ga kuka da rijiya da turmin da ya ruɓe ba, ya tuna nan da akwai mutane? Ba ya bukatar taswirar Najadu kafin abin ya soke shi. Har rashin sanin wuraren ma wani abu yake ƙarawa, domin sunan da ba ka san inda yake ba, zuciya ce ke gina masa gari yadda ta ga dama.

Shi Malam Abdullahi abin bai tsaya masa a karatu ba. A watan Fabrairu na 1804 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, garinsu ya zama kufai da gaske. Aka yi Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar aka ci nasara, aka zo Tsuntsuwa da Alwasa aka rasa malamai da mahaddata masu yawa. Duk wannan ya zuba shi cikin waƙoƙin Larabci, waɗanda ya tara a littafinsa Tazyinul Waraƙati a 1813. In ka karanta za ka ji ƙamshin mawaƙa shidan nan, ga raƙuma, ga dawaki, ga gidajen da aka bari. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta lokacin da ransa ya ɓaci, 'yan shekaru da fara jihadi, ya ga abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya koma kan sarauta da dukiya da tufafi da ƙwaraƙwarai. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki, sai mutanen Kano suka riƙe shi, har ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Mutumin nan Fulatanci ne harshen gidansu. Amma da baƙin ciki ya cika masa ciki, da Larabci ya amayar da shi. Wa zai ce aro ya yi? Harshen da mutum ya iya kuka da shi ai ya zama nasa.

Haka shi ma Shehu. An haife shi a 1754, kuma yana da shekara kamar ashirin ya tsara shahararriyar waƙarsa ta Larabci mai amsa-amon dali, a kan karin Kamil, wadda duk cikinta begen zuwa Madina ne domin ziyarar Annabi (SAW). Ya so ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa hajji, malamin ya mai da shi gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Har Allah ya karɓi ransa a Sakkwato a 1817 bai taka ƙasar Hijaz ba. Ka ga saurayi yana begen garin da bai taɓa gani ba, da harshen da a allo da littafi ya koye shi, kuma waƙar ta fito da zafin da har yau in an rera ta sai jikin mutum ya yi sanyi. Ina ganin nisan nan guda biyu, na ƙasa da na harshe, su suka ba ta wannan zafi. Wanda ke zaune a Madina ba zai iya yin irinta ba.

Sai dai fa su Shehu ba su taɓa cewa jin daɗi ya wadatar ba, kuma nan ne ya kamata masu kare tsohuwarmu su yi adalci. Mutanen nan da harshe uku suka yi aiki. In magana ta malamai ce, ko wasiƙa zuwa Barno ko Timbuktu, sai Larabci. In Fulanin ruga ake son a jawo, sai Fulatanci. In talakawan Gobir da Zamfara da Kabi ne, sai Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta fi kowa ƙwarewa a wannan. Ta yi waƙa da dukkan harsunan uku, ita ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato shugabannin mata, ke zuwa daga ƙauyuka su karɓi waƙoƙi a wurinta su koma su koya wa 'yan'uwansu. Ɗan'uwanta Isa shi ma ya fassara da yawa zuwa Hausa. Da suna ganin murya kaɗai ta isa, da ba su sha wannan wahala ba. A 1962 marubutan Afirka masu rubutu da Turanci suka taru a Makerere ta ƙasar Yuganda, daga nan gardama ta ɓarke kan wane harshe ya kamata ɗan Afirka ya yi adabi da shi, aka shekara da shekaru ana yi. Mutanen Sakkwato sun riga sun wuce wurin da fiye da shekara ɗari, ba su kuma yi taro ba, kowane harshe suka ba shi aikinsa.

Amma ka lura da yadda suka yi fassarar. Ba su mai da waƙa zube ba, waƙa suka mayar waƙa, da karinta da amsa-amonta, yadda za a iya rerawa ana daka ko ana kaɗi. Sun san abin da Aljahizu na Basra ya faɗa tun ƙarni na 9, cewa waƙa ba ta jure a juya ta zuwa wani harshe, in aka juya sai karinta ya karye, kyanta ya zube. Mu ma muna da tamu, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gwada ka gani. Ɗauki baiti ɗaya na Ishiriniya ka sa malami ya fassara maka shi kalma da kalma. Ma'ana za ta fito sarai, amma abin da ke sa tsigar jiki tashi ya tafi. Ashe ke nan akwai wani rabo na waƙar da ba ya cikin ma'anar kalmomi, kuma wannan rabon tsohuwa tana samunsa cif, wataƙila ma fiye da ɗalibin da hankalinsa ke kan gano fa'ili da maf'uli.

Sannan ma wai wa ya ce ba ta jin komai? Ta san wanda ake yabo. Ta san labarin tun daga haihuwa har hijira har wafati, ta ji shi a wa'azi, ta ji shi a waƙoƙin Hausa irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda makafi suka yi ta yawo da ita ƙofa ƙofa. Kuma Hausa cike take da kalmomin Larabci. Ana cikin ja sai ta ji Muhammadu, ta ji Makka, ta ji Jibrilu, ta ji rahama, ta ji aljanna, ta ji sabo da tuba a bakin mai fassara. Kamar mutum ne ya shiga kasuwar baƙon gari, bai san kowa ba, amma jefi jefi yana hango fuskar ɗan garinsu. Tsakanin kalma da kalma ita ke cikewa da abin da ke ranta, mijinta da ya rasu yana cikin masu ja a da, ɗanta da ya tafi ci rani bai dawo ba, kabarin da take hange, ceton da take fata. Wannan ba fassarar Alfazazi ba ce, na yarda. Amma ba ta yi nisa da abin da ya nufa ba, domin shi ma bege da tsoro da fata ne suka sa shi ɗaukar alƙalami.

A ƙarni na 20 an sake ganin irin wannan da Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Sanagal, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a Landan a 1975. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, daga baya ya riƙa zuwa Kano, waƙoƙinsa na yabon Annabi (SAW) suka cika zawiyoyi daga Kano har Kumasi. Harshen gidansu Wolof ne. Wato mai waƙar a harshe na biyu ya yi ta, mai sauraro a harshe na biyu yake jin ta, ba wanda ya san harshen uwar ɗan'uwansa, suka haɗu a tsakiya.

Duk da haka, masu suka suna da tasu gaskiyar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Shauƙi ba ya tantancewa. Dubi yadda waƙoƙin finafinan Indiya suka kama mutanenmu tun da aka fara nuna su a silimun Kano da Kaduna da Jos a shekarun 1950. Mutum ya haddace waƙa tsaf, yana rerawa yana lumshe ido, bai san ko yabon budurwa ake yi ko kiran wani abin bauta ba. Har aka sami masu bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, da suka ɗauki muryoyin nan suka ɗora musu yabon Annabi (SAW) da Hausa, wasu suka yaba wasu suka yi tir. Wannan ya nuna murya ita kaɗai tana iya ɗaukar kowane irin kaya, kamar jaki. Haka kuma, musamman daga shekarun 1970, malamai sun yi ta ja-in-ja kan wasu baitocin Alburda da makamantanta, waɗansu na cewa an wuce iyaka wajen yabo, waɗansu na cewa salon balaga ne wanda mai suka bai fahimta ba. Ni ba zan shiga tsakanin malamai ba. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda bai san ma'ana ba ko sanin inda ake gardamar ba zai yi ba, sai dai ya bi wanda ya fi ɗaga murya. Ga kuma masu ja da ke murɗe kalma saboda daɗin murya har ma'ana ta juye, ba wanda ya isa ya gyara musu. Tsohuwa tana da uzuri, ba ta sami dama ba. Saurayin da ya shekara ashirin yana jan Ishiriniya, ga malami a unguwarsu, ga sharhi bugun Masar ana sayarwa a Kasuwar Kurmi, bai taɓa zama ya tambayi ma'anar baiti ɗaya ba, shi kam uzurinsa kaɗan ne. Shi ya sa nake jin daɗin majalisun da in an ja baiti da Larabci sai wani ya biyo da fassararsa da Hausa cikin murya, kowa ya tashi da rabonsa biyu.

Magabata dai sun bar mana alamar yadda suka ɗauki abin a jikin takardunsu. In ka sami dama ka duba tsofaffin kwafe na Ishiriniya da aka rubuta da hannu, irin waɗanda ke gidajen malamai ko ɗakunan ajiya kamar na Arewa House a Kaduna, za ka ga warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, cikin bangon fata. Baitocin an rubuta su da manyan baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, yadda mai ja zai iya hangowa ko da hasken fitilar aci-bal-bal ne, wani wurin har da zayyana mai launi inda harafi ya ƙare wani ya fara. Tsakanin layi da layi kuwa marubucin da gangan yake barin fili mai faɗi. A cikin filin nan za ka ga ƙananan rubutu sun kwanta a karkace, wani da Larabci mai sauƙi, wani da ajamin Hausa, wani da na Fulatanci, kalma ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kowace kalma mai wuya. Sau da yawa hannun ba ɗaya ba ne, tawadar ma ba ɗaya ba, wani ya rubuta nasa ya bar wa ɗansa, ɗan ya zo ya ƙara a inda uban ya tsallake.